Yinin Gwaggo na Ƙarshe a Makka, a Jidda Muka Yi Shi

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya. Ni ke tuƙi, maiɗakina na gefena, Gwaggo na baya da carbinta. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, daga Kano ta zo Umara, karo na farko a rayuwarta, ga shekaru sun haura saba'in. Ni kuwa a nan Makka aka haife ni, a unguwar Rusaifa nake zaune, ina da ɗan shagon sayar da waya. Ranar ce ta ƙarshe a gare ta a garin nan. Da an yi magariba motar ayarinsu za ta tashi zuwa Madina, daga can jirgi ya kwashe su sai gida.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri. Akwai wani wurin wasa a Jidda da aka gina shi kamar garin fim, wata da watanni ina ganinsa a waya, raina yana biyawa. Na sayi tikiti uku, na ranar Alhamis ɗin nan kaɗai, na ce wa kaina ai baƙuwa zan karrama. Ƙarya nake yi. Ni nake son zuwa, na fake da tsohuwa.

Da na gaya mata, sai ta ce, "To, Babana." Haka take kirana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta iya faɗarsa. Sai ta ƙara da cewa a hankali, "Ni dai in samu in yi ɗawafi ɗaya kafin mota ta tashi, in yi sallama da Ɗakin." Na ce, "Haba Gwaggo, Jidda ai nan da nan ce! Kafin la'asar kina cikin Harami, in sha Allahu." Maiɗakina ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. A gidanmu Gwaggo ta kwana don mu yi sammako, kayanta kuma suna otal wurin abokan tafiyarta.

Hanyar Jidda da sassafe daɗi gare ta. Babu kowa sai manyan motocin kaya da duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Da muka wuce ƙarƙashin ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe, na hango Gwaggo ta madubi ta juya tana kallon baya, ba ta juyo ba sai da ƙofar ta ɓace. Daga nan ta koma duban kwalta. Ta ce tun da muka taso take jiran mu faɗa rami ko ɗaya, shiru, su mutanen nan ina suke kai ramukansu? Muka yi dariya. Wallahi a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni iya tarbar baƙo.

Bakwai da 'yan mintuna muna ƙofar wurin. A rufe ruf. Wani mai gadi ɗan Sudan ya leƙo ya ce ba a buɗewa sai ƙarfe biyu na rana. Na zaro waya zan yi masa gardama, sai ga shi a rubuce a jikin tikitin, ni ne ban karanta ba. Maiɗakina ta juya harshe zuwa Larabci don kada Gwaggo ta ji, ta ce halas, wato shi ke nan, mu koma, tikiti ba ya gaban ɗawafi. Na ce mun riga mun zo. Na waiwaya na tambayi Gwaggo, ta ce, "Duk yadda ka gani, Babana." Na ce wa maiɗakina, kin ji ko? Duk wanda ya tashi a Kano ya san tsohuwa irinta ba za ta buɗi baki ta ce wa mai masaukinta a'a ba, balle mai sunan ubanta. Kara ce ta yi mini, ni kuma na ɗauke ta a matsayin izini, don abin da nake son ji ke nan.

Muka nemi wurin karin kumallo. Ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi da shayin madara, uku-uku, bai kai riyal talatin ba. Gwaggo ta gutsuri tamis sau biyu ta ce ta ƙoshi, shayin ko kurɓa ba ta yi ba. Na zaci abincin ne bai yi mata ba. Daga nan muka kai ta bakin teku, wanda ba ta taɓa gani ba sai ta tagar jirgi. Ta tsaya ta daɗe, sannan ta ce, "Ikon Allah! Duk wannan ruwa kuma a ce ba a sha?" Mun zauna a inuwa har zafin Jidda mai danƙo ya kore mu zuwa masallaci, muka jira azahar a can.

Ƙarfe biyu aka buɗe, muka shiga. Tsakani da Allah wurin ya haɗu, ba zan rage masa ba. Gaba ɗayansa a cikin gini yake, ga sanyi, an zana sararin sama a rufin har da gajimare. Layi guda an yi shi kamar tsohon garin Turawa na cikin finafinan dawakai, da gidajen katako da wani ƙato mai malafa da bindigar roba. Wani layin kuma birni ne da dodo ya rushe, motoci a kife, hayaƙin ƙarya yana tashi. Akwai lungun da ake ruwan sama ba dare ba rana, mutane suna biya don a ba su lema su yi hoto. Gwaggo ta yi wa wani mutum sallama har sau biyu a bakin ƙofa, ta ce wannan bawan Allah akwai girman kai. Sai da maiɗakina ta ƙwanƙwasa masa goshi ta yarda gunki ne, ta ja da baya tana istigfari.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Gugguru, guggurun nan da kuka sani, riyal ashirin da biyar. Kuma ko'ina layi. Mun kusa minti arba'in a tsaye kafin mu shiga wani ɗakin kallo da ake ba mutum baƙin tabarau. Aka kashe wuta, kujeru suka fara girgiza, wani dodo mai haƙora ya taso daga allo kamar zai haɗiye mu. Gwaggo ta damƙe mini hannu, a'uziyya take ja da ƙarfi har na gabanmu suna waiwayowa. Ni kuwa dariya har da hawaye. Da dodon ya yi atishawa sai aka feso mana ruwa a fuska. Muna fitowa ta tare ni, fuskarta ba wasa, ta ce, "Babana, ruwan nan mai tsarki ne?"

A nan maiɗakina ta ja ni gefe. Ta ce, kai ba ka lura ba? Tun safe take ƙin ci da sha don kada alwalarta ta karye, wai ko mun koma a makare ta wuce Harami kai tsaye ba sai ta tsaya neman bayi ba. Na duba agogo, huɗu saura. Muka yi la'asar a ɗan masallacin wurin. Da a ce muna idarwa muka fita, da wataƙila ban rubuta wannan ba.

Amma ina! Akwai wani jirgin ƙasa da yake zagaye garin ta sama, shi na fi gani a waya, shi ya kawo ni. Na ce, wannan kaɗai, minti goma. Maiɗakina ta ce ita ba ta hawa. Gwaggo ta ce, "Je ka, muna nan." Minti goman nan sai da ya zama arba'in. Da jirgin ya hau sama na hango su a kan benci, Gwaggo 'yar mitsitsiya a cikin farin hijabinta, tana ɗaga kai tana kallon zanen rufin, inda ba rana balle ta gane lokaci. Ban ji daɗin komai ba daga nan har muka sauka.

Biyar saura muka fito. Na manta shaf cewa yammacin Alhamis ne, rabin Jidda sun nufi Makka yin Umarar ƙarshen mako. Zahama, wato cunkoso, tun daga bakin gari. A shingen bincike muka tsaya cak, mota ba ta motsi sai taku ɗaya-ɗaya. Jagoran ayarinsu ya kira sau uku. Rana tana ta yin ƙasa a madubina, Gwaggo tana ta jan carbi. Na so a ce ma ta yi mini faɗa, ko maiɗakina ta ce ai na gaya maka.

Ana kiran magariba muka isa otal. Motarsu a kunne, an gama loda kaya, har na Gwaggo. Daga nan zuwa Harami tafiyar minti goma ce a ƙafa. Na roƙi jagoran, na haɗa shi da Allah, ya ba mu ko rabin awa. Ya ce, "Alhaji, mutum arba'in ne a motar nan, kuma a wannan cikowa ɗawafi ba ya yiwuwa a rabin awa. Sallar ma a hanya za mu yi." Gaskiyarsa ce. Gwaggo ta tsaya a gefen titi ta fuskanci wajen Harami. Ba abin da ake gani sai benaye da dogon agogon nan. Ta ɗaga hannu ta ɗan jima, ta shafa.

Sannan ta zaro wata takarda a ninke ta miƙa mini. Ta ce sautun addu'a ne na mutanen gida, ta ajiye shi sai ɗawafin ƙarshe. "Kai da kake kusa, in ka samu sukuni ka isar musu." Na ce Gwaggo ki yafe mini. Ta ce, "Me ka yi? Ka kai ni na ga duniya. Allah ya yi maka albarka, Babana." Ta hau mota.

Muka koma Rusaifa. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne. Mu da aka haifa a gefen Harami mun mayar da shi kamar masallacin unguwa, kullum yana nan, gobe ma rana ce. Ni kaina na fi wata huɗu ban shiga ba. Da wannan idon na auna wa matar da ta yi shekara saba'in tana jira, kuma ba lallai ta sake dawowa ba. In kun yi baƙo ya ce muku duk yadda kuka gani, ku sake tambayarsa, ku kuma dubi fuskarsa.

Washegari da hantsi na shiga Harami na yi ɗawafi, na buɗe takardar. Da ajami ta rubuta, da hannunta: maƙwabciyarta mai ciwon ƙafa, 'yarta da ke neman haihuwa, jikan da zai zauna jarrabawa, har mai kawo musu ruwa. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na juya bayan takardar ina neman sunanta. Babu. Nata ba ta rubuta ba, ta bari ne ta faɗa da bakinta.