Ruwan da Ya Rasa Hanyar Fita

Ranar Talata ce da hantsi, ina zaune a bakin ƙofar ɗakinmu ina tsefe kai. Na zo kan kitso na huɗu daga kunnen hagu, sai na ji ya biyo hannuna. Ba warwarewa ya yi ba, fitowa ya yi gaba ɗayansa har gindi, kamar yadda ake tuge albasa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kai yatsa wurin. Fatar ta kumbura, ta yi laushi, tana tsatsar ruwa. Da na gangaro da hannu bayan wuyana, sai na ji ƙulutu biyu a ƙarƙashin fata, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa.

Ban yi ihu ba. Na dunƙule kitson a tafin hannu, na ja hula na rufe kan, na zauna ina kallon kaji suna tono. Wadda ta faɗo mini a rai ita ce Goggo Larai, ƙanwar babana, da ciwon daji ya ɗauke. Nata ma da ƙulutu ya fara. Ganina na ƙarshe da ita, kanta fes, ko gira babu. Sai daga baya na san maganin da ake ba ta ne ya zubar da gashin. A ranar dai abu biyu kawai na haɗa, ƙulutu da zubar gashi, na yanke wa kaina hukunci.

Mako uku na yi ban gaya wa kowa ba. Da hula nake kwana, da ita nake tashi. Ina zuwa shagon ɗinkin da nake koyon aiki tun da na gama sakandare, ina taka keke, ana hira ana dariya, ni kuwa kaina yana bugawa kamar an kunna garwashi a ciki. Abin mamaki, a makonnin nan ba makaranta nake tunawa ba, ba ƙawaye ba. Wutar Iya nake tunawa.

Iya kakata ce ta wajen uwa, a Kaboji take. Duk dogon hutu akan kai mu wurinta, ni da 'yar kawuna Jummai da wasu ƙananan jikoki. Lokacin kaɗanya ne. Da rana mu bi ta daji tsinto, da an idar da magariba ta hura wuta a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora rabin durom cike da ƙwarar kaɗe. Sai an yi ta iza wuta ana juyawa, don haka dole ta zauna, mu ma dole mu zauna. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa, hayaƙi yana korar sauro, masara tana gasuwa a gefe. Iya Bakambara ce, Hausarta da ɗan nauyi a baki, amma in ta fara labari ko akuyarta shiru take yi.

Yammacin Alhamis shi ne na tsefe. Ba ta yin tatsuniya sai da kan wata a tsakanin gwiwoyinta. Takan ajiye gwangwanin man kaɗanya a gefen murhu ya narke, ta tsefe da tsinke, ta shafa man, ta raba gashin da yatsu tukuna, sannan ta sa mataji, daga bakin gashi tana hawa sama a hankali har gindi. Kowacce da nata matajin, ta ɗaura musu zare kala-kala. Nawa ja ne. In ka ɗauki na wata, dundu.

Wankin kai sai Juma'a da safe, don a samu rana. Sabulun salo a fatar kai, da cikin yatsu, ban da farce. A ɗauraye. Sannan ta kawo karkashin da ta jiƙa tun asuba, mai yauƙi, ta bi jikin gashin da shi, ta ce ki je ki share tsakar gida ki dawo. Sai ɗauraya kuma, har sai ruwan da ke zuba a kwano ya fito garau. Daga nan ki zauna a rana kai a buɗe. Takan cusa yatsa har gindin gashi ta ji. In da sauran sanyi, ki koma. Mun tsani wannan zaman, ni na fi kowa.

Wata Alhamis ina ta mutsu-mutsu, ina cewa ni dai a wanke mini a kan kitson a huta, sai ta matse kaina da gwiwa.

"Ke mai kan tukunya, zauna. Ku matso, yau ta Dela zan ba ku, tana nan da ɗuminta."

Dela, in ji Iya, yarinya ce mai gashi har gadon baya, amma ba ta iya zama wuri ɗaya. Uwarta ta ce zo in tsefe miki, ta ce tsefe cin rana ne, ga rafi kusa. Ta faɗa rafi da tsohon kitsonta, ta goga sabulu a sama-sama, ta fito ta ɗaura ɗankwali ta nufi dandali. To ruwan da ya shiga kan ya gama abin da ya kawo shi, ya juyo zai fita. Ya je nan, kitso a ƙulle. Ya je can, a ƙulle. Ya ɗaga kai sama, ga rufin ɗankwali.

Iya takan sauya murya a nan, ta yi ta ƙasa-ƙasa. "Ruwa ya ce, to, tunda ba a sallame ni ba, bari in shimfiɗa tabarma."

Juma'a ta zagayo, wani ruwan ya shiga ya tarar da ɗan'uwansa, suka gaisa, ya zauna shi ma. Sabulun da ba a ɗauraye ba ya zama laka. Gansakuka ta fito. Ran nan ana tsakiyar waƙa a dandali sai kwaɗo ya yi kuka daga cikin ɗankwalin Dela.

Iya ta kumbura kumatu ta yi kukan kwaɗon, mu kuwa muka faɗi ƙasa.

Jummai ta ce, "Iya, kwaɗon ta ina ya shiga?"

"Ta inda tambayarki ta fito. Iza mini wutar nan."

Dela ta yi tari don ta rufe kukan. Da ta koma gida, maimakon ta nuna wa uwarta, sai ta ƙara ɗankwali a kan na farko. Kwaɗo ya samu mata, ta ƙara na uku. Har ta kai bakwai. 'Yan matan gari suka ɗauka sabon yayi ne, suka fara kwaikwayonta. Rani ya zo, rafuka suka ƙafe, shanu suka shinshino ruwa. Ranar kasuwa Dela tana tafe garke yana biye da ita, har wani makiyayi ya tare ta ya ce, yarinya, don Allah ɗan sunkuya saniyata ta sha.

A nan ne ta zauna a tsakiyar kasuwa ta fashe da kuka. Wata tsohuwa mai yin man kaɗanya, Iya takan ɗan gyara zama in ta zo wurin nan, ta kama hannun Dela ta kai ta bayan gida. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta kwance ɗankwalin ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku tana tsefewa da mai da yatsu. Da ta buɗe kitso na ƙarshe sai ta ce wa ruwan, baƙo, ga hanya, a gaida gida. Ruwa ya kwararo da kwaɗinsa da lakarsa, ya gangara bayan gari.

"Shi ne tafkin nan da kuke wanki a ciki. Wuta ta ci, ni ma bakina ya gaji."

Na ce, "Iya, gashin ya dawo?"

Ta juya kaɗanyarta, ta kwankwasa muciya a bakin durom. "Inda aka buɗe da wuri ya dawo. Da a ɗankwali na farko ta yi magana, da ko tsinke ɗaya ba ta rasa ba."

Iya ta rasu ina aji uku. Na girma a Kontagora, na san shamfu da kwandishina masu ƙamshin lemo, na ɗauka na wuce zamanin karkashi. Ga abin da na yi, ba zan ɓoye ba. Ana saura wata biyu Babbar Sallah ɗinki ya yi mana yawa, sai na sa aka yi mini ƙananan kitso, matsattsu, don su daɗe. Ban tsefe ba har bayan Sallah. Da asuba nakan zuba ruwa a kansu, in goga shamfu sama-sama. Kwandishina kuwa a fatar kai nake cusa shi, wai don ya kashe ƙaiƙayi, kuma ba na ɗaurayewa sosai, ina ganin asara ce a zubar da ƙamshi. In matse da tawul, in ja hula, in zuba hijabi, in tari mai mashin. Ga damina. Kan ba ya bushewa har yamma. In ƙaiƙayi ya dame ni a shago, akwai wani matajin roba a kan taga da dukanmu mu biyar muke amfani da shi, da bakinsa nake sosawa har in ji zafi.

Duk na san wannan a makonni ukun nan. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani a jere. Wani sashe na zuciyata yana cewa ke kika ja wa kanki, wani yana cewa ai irin na Goggo ne, a jini yake. Na biyun ya fi ƙarfi. Kuma ina ganin muddin ban faɗa ba, bai tabbata ba.

Umma ce ta gano. Ta zo cire rigar filo za ta wanke, ta tsaya tana dubawa, ta kai hanci.

"Saude, zo nan. Cire hular nan."

"Umma, sanyi nake ji."

"A wannan zufar? Cire, ko in cire da kaina."

Hular ta manne da wurin. Sai da ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta ɗaga a hankali. Na ji ta ja numfashi, ta yi salati ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

"Sati uku! Muna ci a kwano ɗaya?" Na kama hannunta na ɗora a bayan wuyana, a kan ƙulutun. A fuskarta na ga ita ma Goggo ce ta faɗo mata a rai. Ta ɗauki mayafi. "Tashi. Ko shinkafar da ke kan wuta a bar ta ta ƙone."

A asibiti wata likita ce ta duba ni, mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa aka aske gefen, ta kankari fatar, aka ɗebi jini, ta latsa wuyana ta daɗe tana latsawa. Ta yi mini tambayoyi kan kitso da wanki da mataji, na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Ta ba ni maganin zafi ta ce mu dawo ranar Litinin.

Ranar Litinin a kan bencin jira, ina kallon mata suna shiga suna fita, na yi ta juya tatsuniyar nan. Muna yara mun ɗauka ta ban dariya ce, ta kwaɗo da saniya. Da na ɗan girma na ɗauka dabarar tsohuwa ce don mu zauna a tsefe mu. Ita ce ma, kuma gaskiyarta: a buɗe kafin a jiƙa, a wanke fata, a tausasa gashi, a ɗauraye, a bushe, sannan a rufe. Ba wani abu mai wuya ba ne, zama kawai yake so. Amma a bencin nan na lura Iya ba ta taɓa ɓata lokaci a kan shigar Dela rafi ba, jimla biyu take yi ta wuce. A kan ɗankwalin take daɗewa, tana ƙirga su da yatsu, tana duban fuskokinmu ɗaya-ɗaya. Ta san duk za mu yi ganganci wata rana, da gashi ko da wani abin. Abin da take tsoro shi ne mu rufe. Ni da na fi kowa jin labarin, da kaina a tsakanin gwiwoyinta, na zo na yi duka biyun.

Aka kira sunana. Umma ta kama hannuna muka shiga.

Likitar ta buɗe takarda, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ƙwayar cuta ce irin ta makero. Mai yiwuwa daga matajin nan kika ɗauka, ta tarar da fata a soshe, ga danshi, ta yi ƙarfi har ta tara mugunya. Za ki sha magani na makonni, ba fashi, ko kin ga ya warke. Akwai na wanke kai ma. Yawancin gashin zai fito."

Na ce, "Ƙulutun fa?"

"Kaluluwa ce. Jikinki ne yake faɗa da ciwon. In ya warke za ta sauka."

"Ba daji ba ne?"

"Wa ya ce miki daji ne?"

"Ba kowa."

"To ba shi ba ne. Jininki ma lafiya lau."

Na ji maganar amma ba ta shiga ba. Na ce, "Likita, don Allah, ba zan mutu ba ke nan?"

Ta cire tabarau ta ajiye. Karo na farko na ga ta yi murmushi. "Za ki mutu mana, kamar ni, kamar mamanki, ranar da Allah ya so. Amma ba wannan ne zai kashe ki ba."

Umma ta zame daga kujera ta zauna a ƙasan siminti, tana ta alhamdulillahi tana dukan ƙafata da bayan hannu, ban sani ba ko faɗa ne ko murna. Ni kuwa agogon bangon kawai na iya kallo. Sha ɗaya saura kwata. Na ce wa likitar ta sake faɗa, ta sake.