Tambayar da Na Kasa Yi wa Baffa Sani

Ƙarfe goma da kwata na wata safiyar Talata al'amarina ya fara lalacewa. Ina tsaye a ɗakin jarrabawar samun lasisin aikin jinya a Sakkwato, ɓangaren gwaji a aikace, sai na tarar wanda aka kwantar a matsayin majinyaci dattijo ne mai farin gemu. Takarda ta ce in tambaye shi yadda fitsarinsa yake. Na rusuna, na gaishe shi, na tambayi iyali. Ina cikin neman kalmar da ba za ta yi nauyi ba aka buga ƙararrawa. Na ci ɓangaren rubutu, na faɗi wannan.

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mutumin da ya fid da ni daga wannan rami, Baffa Sani, yayan mahaifina, manomin albasa a Rimawa. Bai taɓa zama a aji ba.

Da na koma gida na shige ɗaki da littattafaina, na sake jan layi a ƙarƙashin abin da na riga na haddace. Dama ɗaya na ɓata, ga wata tana tafe, kuma na san ba karatu ne ya kayar da ni ba. Baffa ya ji labari daga bakin Inna. Wata rana da hantsi ya aiko a kira ni, na same shi ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbun albasa, ya miƙe a kai.

"Ga majinyaci kin samu, likita. Taho ki yi aikinki."

Kullum bayan ya dawo daga fadama haka muke yi. In auna masa jini, in ƙirga bugun hannu, in rubuta a tsanake. Da na zo kan tambayar nan ta fitsari sai in sunkuyar da kai, in faɗe ta ƙasa-ƙasa.

"Mi kinka ce? Da tabarma kike magana ko da ni?"

Sai a mako na uku na iya duban fuskarsa na ce, "Baffa, fitsari yana fita daidai?" Na zaci zai yi dariya. Sai ya juya kai wajen rumbu, ya ce tun kafin dashen albasa yake fita da ƙyar, da zafi, wani lokaci har da jini. Ko matarsa ba ta sani ba. Washegari muka kai shi asibiti, aka yi masa aiki, Allah Ya ƙara masa shekara uku.

A hanyar zuwa asibitin na tambaye shi me ya sa ya ɓoye. Ya ce in kula da ramukan titi. Na sake tambaya a gadon asibiti, ya yi kamar barci.

Yau ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Wurno. Ɗalibai suna zuwa mana, wayoyinsu cike da tambayoyin shekarun baya, suna amsawa kamar ruwa. Na tabbata da Baffa zai gan su zai yaba, sa'an nan ya nemi tabarma. Ni ma abin da nake yi ke nan: in kai yarinya gaban tsoho, in koma gefe, in jira. Har yanzu ni ba mai yawan magana ba ce, kuma har yanzu ina durƙusa wa manya. Abin da ya bar mini shi ne sanin inda durƙuson yake tsayawa. Allah Ya jiƙansa.

Ranar da na kai masa lasisina, ya juya takardar a hannu, ko da yake bai iya karanta ta ba. Na tambaye shi karo na uku me ya sa ya ɓoye ciwon.

Ya ce, "Ɗiyata, ke kaɗai anka ba kunya? Mu ma muna ji. Wata biyar ina jiran wanda za shi tambaye ni."