Tef ɗin Birthe a Cikin Tanda

Birthe Kjeldgaard tun tana budurwa take yi wa kwamfuta ɗaya hidima. A kamfanin madara na garinmu ta fara, tana ɗora mata tef tana saukewa, har ranar da aka kashe na'urar aka tura ta ajiya. Abu ne mai girman kabad uku a jere. Da muka kwaso ta zuwa gidan tarihinmu, wani tsohon sito a bayan garin Odense, Birthe ta biyo ta ba tare da kowa ya gayyace ta ba. Dukanmu 'yan fansho ne masu aikin sa kai, don haka ba mai ikon korar wani. Ga ta da tsini a baki, ni kaina na sha faɗa a wurinta kan taɓa waya da hannu mai maiƙo.

Mun yi shekaru muna gyaran na'urar. Fitilunta sun kama, fankokinta suna juyawa, amma kanta fanko ne. Umarnin da ke tashinta yana kan faifan tef guda ɗaya mai faɗin faranti, kuma mun nema sama da ƙasa ba mu sami na biyu ba. In ya lalace, sai dai mu ci gaba da goge mata ƙura. Birthe kuwa likita ya riga ya gaya mata abin da ya gani a huhunta, kuma duk mun sani.

Tsohon tef yakan sha danshi ya yi danƙo. Sai an gasa shi da ɗan ɗumi kwana da yini kafin ya yarda a karanta shi, shi ma sau ɗaya in an yi sa'a. Tanda ɗaya gare mu, ta ɗakin shan kofi, kuma alamarmu ta cewa kada a taɓa ta ita ce jan tsumma a hannun ƙofarta. Ranar Juma'a Birthe ta saka tef ɗin, ta rataya tsumman, ta tafi gida.

Ranar Asabar da safe muna tsaye ni da ita gaban na'urar, sai ta ɗaga hanci.

"Me ke ƙauri?"

Ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ranar. A ɗakin shan kofi muka tarar da Torkild, mai gyara mana injinan buga takarda, mutumin kirki wanda bai taɓa zama taro har ƙarshe ba. Farantin burodi mai nama na hannunsa, jan tsumman na kafaɗarsa.

"Kun zo a daidai," ya ce. "Wani ɗan albarka ya bar min tanda da ɗumi, na ƙara mata wuta kawai kafin in saka burodina."

"Ka buɗe ka duba?" in ji Birthe.

"In duba me?"

Ta fizge tsumman daga kafaɗarsa, ta buɗe tandar, ta zaro faifan. Gefensa ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Da ba don tsufa ba da na shaƙe Torkild a wurin.

"Birthe, don Allah, ni ban…"

"Rufe min baki, sarkin ci. Je ka wanke hannunka, kai za ka riƙe min fitila."

Sai da faifan ya huce sarai muka ɗora shi a kan injin karantawa, muka jona wata ƙaramar kwamfuta ta zamani da za ta kwafe duk abin da ya fito. Na ce mu bari sai wani mako, mu tambayi masana. Birthe ta ce tef ɗin zai sake shan danshi, kuma ba zai jure gashi na biyu ba. Gaskiyarta ce, na yarda. Ta zura bakin tef ɗin a injin da kanta, Torkild na haska mata fitila.

Faifan ya fara juyawa a hankali. Lambobi suka soma gangarowa a allo, tsaf, layi bayan layi. Ba mai motsi a cikinmu. Har na fara cewa a raina mun sha, sai muka ji wani ɗan kuka siriri daga bakin injin. Wani gari ja-ja kamar tsatsa ya fara taruwa a wurin da tef ɗin ke gogawa.

"Yana zuba," na ce. "In tsayar?"

"In ka tsayar zai manne ya tsinke. Bar shi."

Lambobin suka fara tsallake, suka dawo, suka sake tsallakewa. Torkild yana ta cewa, "Daure, ɗan'uwa, daure," kamar mai lallashin jaki a kan gada. Garin ya yi tudu. Tef ɗin bai kai rabi ba allon ya tsaya cak, faifan kuma ya ci gaba da juyawa har ƙarshe. Abin da muka samu ba zai tashi na'urar ba, kuma ba wanda ya buƙaci a gaya masa.

Birthe ta kashe injin. Ta warware tef ɗin kamu guda, ta ɗaga shi. Duk abin da ke jikinsa ya goge, ya zama fari fes kamar leda, har ina hango fuskar Torkild ta cikinsa, hawaye na bin gemunsa. Tausayinsu ya kama ni su biyun, na rasa wanda zan kalla.

Na ɗauka za ta zage shi tas. Sai ta naɗe tef ɗin a hankali, ta mayar gwangwaninsa, ta je ta dafa jikin na'urar da tafin hannu.

"Ba wani abu nake nema ba fa," ta ce. "So nake in ji ta tana aiki sau ɗaya kafin in tafi."