Kunya Biyu a Gonar Malam Sale

Ina bakin aikin gadi a Fatakwal Hajara ta kira ni, 'yar ƙanena mai tattara labaran tsofaffin ƙauyenmu don wasan kwaikwayo.

"Baffa, Malam Sale ya ce marigayi Kaka ya tuge gambar iyaka, ya cinye masa kunya biyu a gona. Mu saka ko mu cire?"

Raina ya ɓaci. Shekara tara ba wanda ya neme ni sai yau. Amma na san haka mahaifinmu ya yi.

Na ce, "Ku saka. Kafin ranar wasan ubanki ya mayar da gambar."

"In ya ƙi fa?"

"A yanka a gadona."

Kunyar gona za ta koma wa mai ita, ɗayar kunyar ni zan sha. Ku da me za ku ce mata?