Tsinken tsintsiya a littafin Goggo

A shekarun da Maiduguri ta zama babban birnin jiharmu, na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a can. Allah ya sani, tun ina ƙarama ba abin da nake so kamar farar rigar nan ta nas. Damuwata ɗaya ce, Goggo. Yayar babana ce, ita ta riƙe ni a Nassarawo tun rasuwar mahaifiyata. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, ga ciwon gwiwa. Busasshen kifi take sayarwa, ni ke ɗaukar mata kwando zuwa kasuwar Jimeta.

Da na gaya mata, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Mu tambayi Ubangiji."

A lokacin matan zumuntarmu suna da wata al'ada. In abu ya ɗaure musu kai, sai a yi azumi da addu'a, a ɗora Littafi Mai Tsarki a tafin hannu, a bar shi ya buɗe da kansa. Inda ya buɗe, nan ne nufin Allah. Fasto ya hana har ya gaji, amma ina!

Ranar Lahadi bayan sujada, ƙawar Goggo ta biyo mu gida. Goggo ta yi doguwar addu'a, ta saki littafin, ya buɗe. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙo mini. Kash! Labarin gwauruwar nan ne da ta ƙi rabuwa da tsohuwar surukarta. Ban kai ƙarshe ba ƙawar ta ɗaga hannu sama tana haleluya. Ni kuwa idona na kan tsakiyar littafin, inda wani tsinken tsintsiya yake kwance abinsa. Goggo ta zare shi a hankali, ta shiga sakace da shi.

Na gani da idona, ban ce uffan ba. Mota ta tafi da 'yan ajinmu, ni na koma ɗaukar kwando.

Tun daga ranar zuciyata ba ta sake kwanciya da Goggo ba. Me ya kawo ƙawarta gidanmu ranar Asabar, har suka turo ƙofa? Ita fa ta iya karatu. Don me Goggo, wadda ko kan kifi ba ta bayarwa kyauta, ta naɗe mata ƙatuwar tarwaɗa a wannan makon? Ruwa ba ya tsami banza. In ta ɗinka mini sabon zane, sai in ce a raina toshiyar baki ce. In ta yi nishin gwiwa, sai in leƙa in ga ko da gaske take ɗingishi in ba mai kallo. Wani lokaci kuma in tuna cewa littafin nan cike yake da tsinkaye, don da su take sa alama a wuraren da take so a karanta mata. To, wanne zan kama? A majami'a in an zo roƙon a yi nufin Allah, bakina ba ya motsi. Haushi nake ji, har da na Allah, ba zan ɓoye ba.

Sau ɗaya na tambaye ta, bayan na yi aure, ina shafa mata man kaɗanya a gwiwa. Na ce, "Goggo, wa ya sa tsinken nan a wurin?"

Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ta dube ni ta ce, "Ashe ka gani. To, me ya hana ka magana ranar?"

Daga nan sai ta ce in ɗora mata ruwan zafi. Har ta koma ga Ubangiji ban san ko ita ce ta riƙe ni ba, ko Allah, ko kuwa tsoron garin da ban taɓa gani ba. Na yi da-na-sanin shirun da na yi ranar Lahadin nan fiye da rashin tafiyar.

Littafin ni na gada. Shekaru sun ja, maigidana ya rasu, gwiwa ta kama ni nima. Sai autata, wadda ita kaɗai ta rage mini a gida, ta samu aiki a Legas. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Mama, mu tambayi Ubangiji yadda Kaka Goggo take yi."

Na ɗauko littafin. Ba tsinke a ciki yanzu, amma ɗinkinsa ya riga ya saba da wurin. Ina addu'a ido a rufe, sai na ji babban yatsana yana laluben shafin da kansa. Na mayar da littafin ƙarƙashin matashi ban buɗe ba.

Na ce, "Tashi ki haɗa kayanki. Addu'ar ma yi ta a tasha."

Ni na ɗauki jakarta har tasha, ina dannewa kada ta ga ɗingishina. Sai da mota ta ɓace na zauna a kan benci na yi kukana.