Na Kira Layin Marigayiya, Aka Ɗauka

Jama'a, yau na kira layin ƙanwata marigayiya Hauwa, aka ɗauka!

A ofis na ji ana cewa manhajar sada zumuntar da muke amfani da ita za ta fara koyar da AI da hotunanmu, sai dai in mutum ya shiga ya ce bai yarda ba. Na yi nawa. Sai na tuna. Shafin Hauwa fa? Ranar rasuwarta mun roƙi kowa ya goge hotunanta marasa mayafi, amma mun manta da shafinta.

Na gwada shiga, aka tura lambar sirri zuwa layinta. Haka kawai na kira. Muryar namiji! Innalillahi!

"Madam, Bulus ne, makanike a Apo. Sabon layi ne na saya."

Ina kuka na yi masa bayani. Sai ya karanto min lambar sirrin. Na shiga, na hana, na goge hotunan.

Can sai ga kiransa.

"Madam, wani tsohuwa yana kira kowane Juma'a. Sallama kawai yake yi, ya kashe. Kin san shi?"

Ya karanto lambar wayar. Ta Mama ce.