Burtalin da Yaya Haruna ya mutu a kansa

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka kashe yayana Haruna a bakin burtali, gabas da garinmu a ƙasar Dungas. Kashe shi aka yi. Ba zan ce "ya rasu" don in faranta wa wani rai ba.

Yaya mai awon filaye ne a meri, wato ofishin magajin gari. A akwatinsa akwai tsohuwar taswira ta zamanin Nasara, an liƙa ta a jikin ƙyalle don kada ta yage. Ita ta nuna hanyar da shanu ke bi su sauka tabki: daga babban gawo, taki sittin zuwa yamma, ba noma, ba gini. Da gari ya cika ya fara tumbatsa, aka ce ya yanka fegi a wurin, ya ƙi. Maganarsa ɗaya ce kullum, saniya ba ta san takarda ba, inda ta bi bara nan za ta bi bana. Aka ɗauko wani ya kafa duwatsun siminti. Gawon kuma aka sare shi aka sassaƙa turame.

Bayan kaka makiyaya suka dawo, suka tarar da danga a kan hanya. Ina dawowa daga rijiya na ga an fito da sanduna da adduna. Yaya, da taurin kan nan nasa, ya shiga tsakani, ya warware taswira, ya tsaya a kututturen gawon ya fara ƙirga taki da ƙarfi. A zatonsa in sun ga awo za su dakata. Masu fegi suka ce makiyaya sun saye shi. Makiyaya suka ce ai shi ne mai kafa duwatsu. A taki na ashirin aka sauke masa sanda a ƙeya. Ya durƙusa, wani ya ƙara masa da adda a kafaɗa, shanu suka firgita suka bi ta kansa. Da zanena na rufe fuskarsa, don ba ta ganuwa. Har yau ban san hannun wane ɓangare ba ne, kuma wallahi ban yafe wa kowannensu ba.

Yanzu wurin unguwa ce, da shaguna da 'yan kabu-kabu. Shanu na ratsa ƙofar gidaje, kowace kaka sai an fasa kan wani. Da Yaya zai ga haka, na san ba zai ce "na faɗa muku" ba. Zai nemi kututturen ne ya sake ƙirgawa. Abin da ya bari ke nan: gaskiya ce ya faɗa, ba ta tare kowa ba.

Watan jiya ɗansa Bashir, da ke shirin aure, ya ce mini ya samu fegi a can. Na zage shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Gwaggo, to ina zan ajiye matata? Ba sauran fili sai nan."

Ranar da suka fara gini, ni na kai musu ruwan kwaɓa ƙasa.